Maiguwa da Tarin Bashen Sambo

Duk wanda ya san ƙauyenmu, can bayan Ibohamane, ya san Maiguwa. In bai gan shi ba, ya ji shi. Ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, in ya samu goro guda sai ya ɓara ya ba na kusa da shi babban ɓari. Baki ne kawai ya yi masa yawa.

Ya yi ci-rani Abijan kamar yawancin mazanmu, aikinsa gadin wani shagon shinkafa. To shagon nan bango ɗaya yake da wani garaji, ta nan ne ilimin mota ya tsallako masa. Da ya dawo gida, kayansa ba su fi na kowa ba: rediyo, bargo, turmin atamfa na matarsa Zaliha, sai wani kile guda na kwance ƙarfe da ya sa wa igiya yana ratayawa a wuya. Ya ce a bar ce masa Maiguwa, can Abijan Shef ake kiransa. Mu kuwa, da yake duk garin ba wanda ya taɓa leƙa cikin inji, sai munka ce to, Shef.

Shekarar da anka fito daga babban fari, Zaliha ta saida akuyarta guda da ta rage, ta ce lambun albasa za ta yi a fadama. Dashe mai kyau kuwa sai Tamaske. Shi dashen albasa ba ya son wasa. In an tumɓuke shi da safe, kafin rana ta faɗi ya zama yana cikin ƙasa, duk hanya kuma a inuwa, ana yayyafa masa ruwa. In ya sha rana ko ya kwana a kwando, ya zama ciyawa.

Mota guda ce ke bin hanyarmu a lokacin, tsohuwar bashe mai tanti a baya, ta wani Bahillace Sambo. Shanun da fari ya bar masa ya saida ya saye ta. Ya iya tuƙi daidai gwargwado, amma abin da ke cikin cikinta bai sani ba. Yadda ya saba da shanu haka yake bi da ita: ya shafa mata gefe da safe, ya yi mata magana in za ta hau tudu, in ta ƙi ya bar ta ta huta.

Da Zaliha za ta bi motar zuwa Tamaske, Maiguwa ya je ya same shi, ya ce ba a tafiya mai nisa ba makaniki, shi zai raka su don Allah. Amma a ransa akwai shiri. Ya riga ya zaɓi gindin tsamiyar da zai buɗe garaji, ya riga ya ga motocin Bouza da na Keita sun yi layi suna jiransa, direbobi suna kawo masa shayi. Abu ɗaya ya rage, mutane su ga aikin hannunsa. Tun da sunka bar gida yake addu'a a ɓoye motar nan ta samu ɗan ciwo. Ta kai su Tamaske ko atishawa ba ta yi ba. Ya kwana da baƙin ciki.

Da safe anka tumɓuke wa Zaliha dashenta, anka ɗaɗɗaure, ta jera a manyan kwanduna biyu ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta cika bido, wato jarka, da ruwa don yayyafi, ta shige ƙarƙashin tanti. Kusa da ita Gwaggo Jaratu, ƙanwar uban Sambo, wadda ta zo saida man shanu. Tsohuwa ce ƙarama kamar tsinke, bakinta kuwa sai dai a roƙi Allah.

Ana zuba isansi, wato fetur, Sambo ya ba Maiguwa marfin tanki ya riƙe. Maiguwa ya jujjuya shi, ya ɗaga shi saitin rana, sai ya ga haske ta wata 'yar huda kamar ta allura. Nan fuskarsa ta washe.

"Ardo, tun yaushe kake yawo da wanga marfi?"

Sambo ya ce tun da ya sayi motar. Maiguwa ya girgiza kai yadda likita ke yi in an kawo marar lafiya a makare. Ya ce to rabin isansin da Sambo ya taɓa saye ta hudar nan ya tashi sama, tsuntsaye ke shaƙa. Sambo kuwa kullum kukansa ke nan, motar nan ta fi raƙumi sha, sai maganar ta shige shi. Bai ankara ba Maiguwa ya wurga marfin bayan wata danga, ya ce kada ma a gan shi a yi sha'awar mayar da shi.

To da me za a toshe? Mu mutanen Adar ba ma tsayawa tunani a kan wannan. Bidon kananzir in ya rasa marfi, albasa. Kwalbar man gyaɗa, albasa. Butar da bakinta ya ɓare, albasa. Da bakin mutum na tosuwa da ita da wasu gidajen sun huta. Maiguwa ya bi tallen wata mata, ya zaɓo jar albasa mai tauri daidai bakin tanki, ya ɓare busasshen ɓawon, ya cusa, ya murɗa, ya bi da dunƙulen hannu. Ya ce yanzu ko numfashin sauro ba zai wuce ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Sunka kama hanya. Maiguwa na gaba kusa da Sambo, gwiwar hannu a taga, yana ba da labarin ranar da wani Bature ya durƙusa yana roƙonsa ya duba masa mota. Gilashin bayansu ya daɗe da fashewa, ta nan Gwaggo ke leƙowa tana tambaya ko Baturen da shinkafa ya zo saye.

Ba su yi nisa da Tamaske ba, a kan wani ɗan hawa, motar ta yi tari. Ta fizga, ta sake, ta fizga. Sambo ya taka, ba ƙarfi. Ta yi tut-tut-tut kamar tsoho ya ƙware da fura, ta gangara gefe ta yi shiru. Sambo ya ce inna lillahi. Maiguwa ya ce alhamdu lillahi, sannan ya gyara ya ce wai ya gode Allah ne da abin ya faru yana nan.

Sambo ya tambaya ko isansi ne ya ƙare. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin motar ta zo hannunsa, da karan hatsi yake awo, kullum akwai guda a bayan kujera. Maiguwa ya ce yanzu fa anka zuba, amma bari ya kwantar masa da hankali. Ya zagaya, ya ciro albasa da ƙyar. Tanki ya yi wani fiii kamar mai ajiyar zuciya. Maiguwa ya ce, ka ji ko, ƙarfin isansin ke nan da a da yake gudu. Ya tsoma kara, ya nuna jiƙaƙƙen wuri, ya mai da albasa ya danne.

Sannan ya buɗe gaban mota, ya tsaya hannu a ƙugu. A gaskiya ranar ce ya fara ganin inji ba ta saman bango ba, kuma ya fi yadda yake zato yawa. Amma akwai abu ɗaya da ya sha gani ana yi: kwance buji, 'yan ƙarafan nan da ke ba inji wuta. Ya sa kile, Allah ya taimake shi ya shiga. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya kankare da wuƙa, ya goga a cinyar wando, ya mayar. Ya ce Sambo ya murɗa.

Mota ta tashi lafiya lau.

Sambo ya dube shi da wani irin ido. Shi kansa Maiguwa ya ɗan tsorata, sai ya yi sauri ya ɓoye, ya ce wannan ai aikin yara ne, a Abijan ba ya ma tashi tsaye a kansa. Ya leƙa bayan mota don Zaliha ta gan shi. Tana can tana yayyafi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sunka yi tafiya kamar wadda sunka yi da farko, ba daɗi ba ragi, sai tari ya dawo. Fizga, sakewa, tut-tut, shiru. Sambo ya sake cewa ko isansi, Maiguwa ya sake cire albasa, tanki ya yi fiii, kara ya fito a jiƙe, albasa ta koma. Wannan karon ya ce ciwo biyu ne sunka haɗu. Na farko, akwai wata tasa mai marfi a saman inji da rariya a ciki, ita ke hana iska shiga, Turawa sun sa ta ne don ƙasarsu ta sanyi. Ya kwance ta. Gwaggo ta ce in ba a so a ba ta, ta daɗe tana neman abin tace nono. Na biyu kuma tanti. Ya ce iska ke cika shi tana ja da motar baya, kamar mutum ya yi gudu da babbar riga. A kwaye.

Zaliha ta ce, da muryarta a ƙasa, dashen ba ya son rana. Maiguwa ya ce in mota ta yi gudu ai iska za ta yi masa fifita, ba ta san kimiyya ba ne. Sambo ya dubi wannan ya dubi wancan, ya tuna wane ne ya tada motar ɗazu, ya hau ya naɗe tanti. Anka murɗa, mota ta tashi, har da sabon gurnani tunda an cire mata rariya. Maiguwa ya ce ƙarfinta na asali ke nan ya dawo. Zaliha ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a kan kwandunan, ta juya wa rana baya tana yi musu inuwa da jikinta.

Suna cikin tafiya Gwaggo ta zuro kai ta taga, ta ce ita fa ta gano ciwon. Ta lura duk sa'ad da ɗan nan ya kai wurin da Bature ya durƙusa, nan motar ke shaƙewa. Ta ce ko jaki ba ya son a yi ƙarya a kansa, bare abin da anka saya da shanu. Sambo ya yi dariya, sannan ya daina, don shi ma ya lura. Ya roƙi Shef don girman Allah ya yi shiru a gwada.

Maiguwa ya yi shiru. Ba a taɓa ganin wahala irin wannan ba. Bakinsa na motsi, yana haɗiye magana kamar mai haɗiye garwashi. Mota kuwa sai tafiya take. Sunka ratsa Keita, yana ganin mutane a tasha, yana son ya ɗaga kile su gani, ba hali. Sambo ya fara murmushi, Gwaggo ta fara waƙa a hanci. Maiguwa ya shiga roƙon Allah a zuci motar nan ta mutu, ko da sau ɗaya, don mutuncinsa. Bayan Keita kaɗan, a wani fako da babu ko kalgon da kare zai fake, Allah ya karɓa.

Ya diro yana zufa da murna. Ya ce wa Gwaggo to yanzu wa ya yi magana? Gwaggo ta ce ai ta ji shi yana yin ta a ciki.

Anka sake abin da anka saba: albasa, fiii, kara, albasa. Ya dafa inji ya janye hannu da sauri, ya ce ƙishirwa ce, cikinta ya yi zafi, sai an ba ta ruwa ciki da waje. Ruwa kuwa babu sai na bidon Zaliha. Ya miƙa hannu. Ta rungume bidon.

"Baban Biba," ta ce, "akuyata ce cikin kwandunan ga."

Maganar ta taɓa shi, ba a ce ba ta taɓa shi ba. Ya san akuyar, ya san yadda Zaliha ta rinƙa ragar mata dusa daga abin da su kansu ba su ƙoshi da shi ba. Amma Sambo na tsaye yana kallo, garaji na jiransa a gindin tsamiya. Ya ce in mota ba ta tashi ba ai da akuyar da su duka nan za su bushe, in ta tashi kuwa yanzu-yanzu suna gida. Ta sakar masa. Ya ɗura wani a tukunyar ruwan inji har ta yi ambaliya, sauran ya kwarara a kan ƙarfe, tururi ya tashi ya rufe shi, ya fito daga ciki yana tari kamar aljanin da anka ƙona wa turare. Anka murɗa, ta tashi. Ya mai da wa Zaliha bido wayam, bai yarda sun haɗa ido ba.

Rana ta take tsaka sa'ad da sunka shigo Ibohamane, ranar kuwa kasuwa ke ci. Motar nan, kamar wadda anka aika, ba ta mutu a bakin gari ba, ba ta mutu a bayan gari ba, sai da ta zo tsakiyar kasuwa tsakanin rumfar Rabo mai shayi da masu kaji, ta yi tari uku masu kyau, ta saki wata ƙara ta baya da ta sa jakuna tsalle, ta kwanta.

Kafin Sambo ya buɗe ƙofa an kewaye su. Buzaye bisa raƙuma sunka tsaya suna kallo daga sama, mata sunka aje tallensu, har mahauci ya zo da wuƙarsa a hannu. Maiguwa ya duba taron nan, zuciyarsa ta yi fari. Ranar da yake jira ke nan. Ya sauko a hankali, ya ciro kile daga wuya, ya gaishe da jama'a da bonjur.

Sambo ya jawo kara daga bayan kujera ya ce a fara duba isansi kamar yadda anka saba. Maiguwa ya karɓi karan, ya ɗaga shi kowa ya gani, ya ce wannan aikin ƙauye ne, makanikin gaske da kunne yake awo. Ya karya shi biyu ya yar. Ya ƙwanƙwasa gefen mota ya ce akwai mai, anka yi ta jinjina kai. Albasa ba wanda ya taɓa ta.

Ya fara da buji. Ya hura, ya kankare, ya goga, ya mayar, ya ja da baya yana kakkaɓe hannu, ya ce Ardo, murɗa. Inji ya yi gir-gir-gir, bai kama ba. Ya ce to ƙishirwa ce. Rabo ya ba da ruwan wanke kofi, anka kwarara. Gir-gir-gir. Ya nemi abin da zai cire, rariya ta riga ta tafi, tanti a naɗe. Ya sa samari sunka tura ta har wurin masu gishiri, sunka turo ta baya har wurin masu kaji. Ko tari ta ƙi yi. Wani Buzu daga bisa raƙumi ya tambaya cikin ladabi ko a kawo igiya.

Zufa ta fara bin bayan Maiguwa. Ya cire wani siririn tiyo daga jikin inji, ya sa Sambo ya murɗa, ko ɗigo bai fito ba. Ya nuna wa jama'a bakin tiyon a bushe. Ya ce kun gani, wancan ƙarfe da anka cire tiyon daga jikinsa sunansa karbirata, shi ke kiran isansi daga baya, to muryarsa ce ta dishe, sai an buɗe shi an gyara masa maƙogwaro. Bai taɓa ganin cikin karbirata ba. Ya zaci kamar kwano ne, a buɗe a wanke a rufe.

Ya ari faifan Gwaggo, ya zauna a ƙasa, ya sa kile da bakin wuƙa. Da marfin ya ɗaga sai abubuwa sunka fara fitowa, ƙanana ƙanana, wani mai kama da tsutsa ya yi tsalle ya faɗa aljihun mahauci. Ya jera su bisa faifai yana ba kowane suna da Faransanci, in suna ya ƙare masa ya koma na farko. Gwaggo ta ce ita dai a gidan Sambo ko an yanka ɗan akuya ba a samun kayan ciki haka da yawa, Allah ya sa ya san inda kowane hanji yake.

To faifai a ƙasa, da ƙananan abubuwa masu ƙyalli a kai, kusa da masu kaji. Wata jar kaza da ta kwance ƙafarta ta zo tana taku ɗai-ɗai, ta karkata kai, ta zaɓi wani ɗan ƙarfe rawaya daidai ƙwayar masara, ta haɗiye. Maiguwa ya gan ta da idonsa. Ya yi wuf, ta yi fir. Ya bi ta ƙarƙashin mota, ta fito ta wancan gefe. Ya bi ta cikin rumfar masu barkono, ya fito yana atishawa. Ya bi ta tsakanin ƙafafun raƙumi, raƙumin ya yi masa abin da raƙuma ke yi. Da ƙyar anka kama ta. Mai kazar, wata tsohuwa, ta ce ba mai yanka mata kaza tana tsaka da ƙwai, in abinsu ne su jira shi ta inda kaza ke mayar da ajiya.

Ya dawo gaban mota, hula a karkace, kasuwa na ta ƙunshe dariya. Ya ga in bai yi magana ba ya mutu. Ya ɗauki tiyon nan, ya ce jama'a su matso, zai sake nuna musu tushen ciwon don su ƙaru. Ya ce Ardo ya yi ta murɗawa kada ya saki. Ya kafa ido a bakin tiyo yana cewa kun gani, babu, ko ɗigo babu.

Duk kasuwa tana da bunsurunta wanda ba a san mai shi ba. Na Ibohamane wani baƙi ne mai gemu, ya saba satar albasa a talle ana jifarsa. Ranar nan ya ga guda a maƙale a gefen mota, kowa ya ba ta baya. Ya ɗora ƙafafun gaba, ya kafa haƙora, ya girgiza kai, ya fizge.

Tankin nan ya ja wani dogon numfashi da duk na kusa sunka ji, sannan ƙarfensa ya yi kwam, kamar an buga garwa. Sambo na nan yana murɗawa. Isansi ya taso ta tiyo, ya tsarto wa Maiguwa a ido, a hanci, a baki, daidai yana cewa ko ɗigo.

Rabo ne ya fara motsi. Ya ɗauki maficinsa yana korar Maiguwa, yana cewa don Allah bawan Allah ka yi nesa da wutata. Daga nan kasuwa ta fashe. Mahauci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Buzun nan ya ja rawani ya rufe har ido, amma kafaɗunsa na rawa.

Sambo bai yi dariya ba. Ya sauko, ya zagaya, ya tsaya yana kallon bakin tanki a buɗe, ya kalli bunsuru yana tauna yana yamutsa fuska. Ya daɗe. Sannan ya zo gaban Maiguwa.

"Shef, hudar nan ta marfi. Ashe hancinta ne."

Maiguwa na goge ido.

"Tun Tamaske ka toshe mata hanci. In ta suma ka buɗe ta shaƙa, ka sake toshewa, ka zo gaba kana cire mata kayan ciki."

Maiguwa ya tofar da isansi ya ce ai yana sane. A Abijan daga gaba ake farawa a ƙare a baya, saura kaɗan ya iso wurin, bunsurun ne ya shiga gabansa. Gwaggo ta ce to a rataya wa bunsurun kilen, shi ko bonjur bai ce ba.

Kada kuma a ce Maiguwa kaɗai ne. Nan take kasuwa ta rabu biyu. Wasu sunka ce laifin albasar ne, ta cika girma, da ƙarama anka sa da lafiya lau. Wasu sunka ce jar albasa ce ba ta dace da mota ba, fara ake sawa. Wani dattijo ya ce da an bar mata ɓawonta. Har rana ta karkata ana gardama, ba a samu mutum ɗaya da ya ce bai kamata a sa albasa ba. Haka muke.

Sambo ya ce to yanzu ga mai na zuwa, a mai da karbirata a tafi. Maiguwa ya dubi faifai. Kayan sun fi na ɗazu yawa a idonsa, ɗaya na aljihun mahauci, ɗaya na cikin kaza. Ya ce wannan aiki ba a yi masa gaggawa.

Duk abin nan da ake yi, ba wanda ya lura Zaliha ta sauke kwandunanta. Ta ja su inuwar wata rumfa, ta je rijiyar kasuwa ta roƙi guga biyu wurin mata, ta jiƙa buhu da mayafi. Dashen na sama ya riga ya kwanta, ya yi laushi kamar zare, na ƙasa da sauran rai. Ta ɗora kwando guda a ka, ta zo ta tsaya gaban mijinta, ta nuna masa ɗayan da haɓa. Daga Ibohamane zuwa fadamarmu tafiyar ƙafa ce mai kyau, in an sa kai ana isa da sauran rana.

Sambo ya ce a'a, wanda ya kwance shi zai ɗaura, Shef ba ya motsawa sai motarsa ta tashi. Zaliha ta ce ita kwando biyu ba ta iya ɗauka. Maiguwa ya tsaya a tsakiya, karo na farko a rayuwarsa mutum biyu na jayayya a kansa, har ya fara jin daɗi. Ya ce wa Sambo kada ya damu, in ya kai kayan zai dawo, akwai ma wasu wurare a ƙarƙashin motar da yake son dubawa.

Sambo ya dubi motarsa. Ya dafa ta.

"Zaliha," ya ce, "tahi da shi. In kin gama da shi ma ki riƙe."

Anka ɗora wa Maiguwa kwando. Ya ratsa kasuwa a bayan matarsa, ruwan buhu na ɗiga masa a wuya, masu taba na matsawa gefe suna ɓoye wutarsu. Sunka bar Sambo zaune a inuwar mota, ya ɗaure ƙafar kaza da igiya ya shimfiɗa mata tsumma, Gwaggo na ba ta tsaki don abin ya yi sauri.

Sun isa fadama bayan la'asar. Zaliha ta saki ruwa a fangali, sunka duƙa. Abin da ba a faɗa a kan Maiguwa shi ne, dashen albasa kam ya iya, tun yana ƙarami uwarsa ta koya masa. Yatsa ya huda, ya sa, ya danne, ya wuce, ba ya ko dubawa, layinsa kamar an ja da zare. Kafin a kira magariba kwanduna sun zama wayam. Wannan aikin bai taɓa ba da labarinsa a majalisa ba, don ba a yin sa da kile.

Kwana kaɗan bayan haka sunka zo ban ruwa da sassafe. Fiye da rabin dashen ya miƙe, kore shar, raɓa a bakinsa. Zaliha ta tsaya tana kallo, ta share ido da bakin mayafi, ta ce sanyin safiya ne. Sauran fangalin kuwa, na saman kwando, yana nan kwance, wasu sun bushe, wasu ba a san inda sunka nufa ba.

Maiguwa ya tsuguna a kansu. Ya ɗaga ganye guda, ya saki, ya faɗi. Ya karkata kai, ya tsuke baki. Hannunsa ya tafi aljihu wurin wuƙa.

"Zaliha, na gane ciwonsu. In anka tono su anka duba saiwar..."

"Baban Biba."

"Na'am."

"Ciwon nasu shina tsugune gabansu. Tashi ka ja ruwa."

Ya dube ta, ya dubi dashen. Ya mai da wuƙa aljihu, ya karɓi guga.